Littafin da Aka Raba Wa Yara Biyar

Kwanakin baya ruwa ya koro wasu 'yan makaranta uku, 'yan ƙasarmu da ke karatu a nan Lyon, suka fake a bakin shagona da ke unguwar Guillotière. Da suka hango hular da ke kaina sai suka yi sallama da Hausa, na ce su shigo. Ɗaya daga cikinsu, wata 'yar garin Tawa mai karatun lissafi, ta ƙare wa teburina kallo ta ce, "Baba, ashe manna littafi ma sana'a ce?" Abokanta suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don ba da raini ta faɗa ba. Ruwa na ɗaukewa suka yi gaba, amsar tana bakina. To ga ta nan a rubuce, ko Allah zai sa ta kai gare su.

Sunana Mutari, ɗan dukawa ne ni daga Damagaram. Mahaifina gafaka yake ɗinka wa malamai, jakar fatar nan da ake adana littafi a ciki, ni kuma tun ina ƙarami nake riƙe masa bakin fata. Da na zo ƙasar nan ba wanda ya tambaye ni abin da hannuna ya iya. Kwalayen takalma na yi ta ɗauka a manyan ɗakunan ajiyar kaya na Aubervilliers, a gefen Paris, har bayana ya fara kuka. Wani ɗan Chadi da muke kwana ɗaki ɗaya shi ya jiyo labarin wata tsohuwa a Lyon mai gyaran littattafai, wadda hannunta ya fara rawa, tana neman wanda ya san fata. Na hau jirgin ƙasa na zo. Madam Jarmen, haka sunanta, ba ta nemi ganin takardata ko ɗaya ba. Guntun fatar akuya ta miƙo mini da wuƙa, ta ce in rage masa kauri. Na fere bakinsa har ana ganin hasken taga ta ciki. Ta ce in dawo ran Litinin.

Na dawo ina hura hanci, a zatona fata zan yi ta yanka. Ina! Na fi shekara ban sake taɓa fata ba. Aikina kwance littafi kawai. Littafi dai ba komai ba ne illa kaye-kaye da aka jera aka ɗinke, kaye kuwa shi ne ƙunshin takardun da aka ninke tare. Sai ka nemo tsakiyar kowane kaye, ka datse zaren, ka jiƙa tsohon mannen da ke baya har ya yi laushi ka kankare, sannan ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ka ajiye a jere. In ka yi gaggawa takarda ta yage, Madam ba ta faɗa. Gilashinta take cirewa ta dube ka, kuma wallahi gara faɗan.

Ba manyan littattafan masu kuɗi ake kawo mana ba, waɗannan suna da nasu masu gyaran a tsallaken kogi. Mu namu littattafan yara ne, irin waɗanda aka yi ta bugawa bayan babban yaƙin duniya na biyu har zuwa wajen lokacin da aka haife ni. Bangonsu kwali ne mai tauri, wani kore, wani ja, wani ruwan hoda, an raba labarin babi-babi, da zane jefi-jefi. Yara masu bin sawun ɓarayi, karnuka masu wayo, marayu a kan duwatsu, jiragen ruwa da suka ɓata. An buga su da yawa kuma da araha, a kan takardar da ba a yi ta don ta daɗe ba. Yau in ka buɗe ɗaya za ka tarar ta koma ruwan ƙasa, in ka lanƙwasa gefenta ta karye kamar ɓawon albasa. Wasu ma ba a ɗinke su ba, ƙusar waya aka danna musu, ta yi tsatsa ta cinye tsakiyar.

Babban abokin gabana shi ne ledar nan mai danƙo da muke kira sikoci. Uwa ta ga shafi ya yage, ta jawo sikoci ta manna, ta yi zaton ta yi alheri. Bayan shekaru ledar ta faɗi, danƙon ya nutse cikin takarda ya bar tabo mai maiƙo wanda ba abin da ke fitar da shi duka. Ni mannena da kaina nake dafa shi. Garin alkama ne da ruwa, a dama a kan wuta kamar talge, a tace, a bari ya huce. Ba shi da ƙarfin mannen kanti, kuma da gangan ne, domin duk abin da na manna dole wanda zai zo bayana ya iya kwance shi da ɗigon ruwa. Sauran kayan aikin ba su da yawa: allura, zaren lilin da nake gogawa da kakin zuma, ƙashin saniya mai santsi na ninke takarda, wata takarda siririya ta Japan da nake toshe yaga da ita, katakon ɗinki, da abin matsewa na baƙin ƙarfe wanda ya girme ni ya girmi Madam.

Wani tsohon direban tiram, jirgin nan na cikin gari, ya taɓa kawo mini littafin da bangonsa ya rabu biyu, kusurwa ɗaya kuma duk ta tauna. Ina dubawa na ce kusurwar ba wuya, zan cike ta da sabon kwali. Sai ya dafa hannuna. Ya ce karensa ne ya tauna ta lokacin yana ɗan shekara tara, in gyara komai amma in bar masa haƙoran karen. Haka masu kawo mana aiki suke. Tsofaffi ne kusan dukkansu, suna shigowa da littafin a cikin leda suna ba da haƙuri, sun san ba wani abu ne mai daraja ba a idon kowa. Shi ya sa ba na goge komai sai na tambaya: tabon yatsa mai cakulan, sunan da aka rubuta a karkace da jan fensir, busasshen furen da ya manne a shafi. Sau da yawa don tabon aka zo, ba don labarin ba.

Da Madam ta gaji ta koma wurin ƙanwarta a ƙauye, ta bar mini shagon da kayan aikin, ba a jima ba aka aiko mini ta rasu. Tun daga nan ni kaɗai ne. Sana'ar ba ta son magana, ko numfashi mai ƙarfi yana iya hure takardar Japan daga inda ka aza ta. Yini guda yakan wuce ban ce uffan ba in ban da gaisuwar mai burodi. Da yamma in hau tiram zuwa Minguettes, unguwar da nake kwana, in hau bene, in dafa abin da zan ci. Ran Juma'a a masallaci nake ganin namu, 'yan kasuwa da direbobi, mu gaisa a tsaye, wani ya ce, "Malam Mutari, har yanzu kana nan kan littattafan 'ya'yan Nasara?" In ce ina nan, kowa ya kama gabansa. Kaɗaici ne, ba zan ce wani abu ba ne daban, sai dai na saba da shi har na daina jin nauyinsa.

Ana nan wata ranar Talata da hantsi wani dattijo dogo ya turo ƙofa ya yi cikakkiyar sallama, ga gafaka a hammata. Gafaka ta gaske, jar fata, ta sha hannu har ta yi baƙi. Rabona da ganin irinta tun shagon mahaifina. Muka gaisa gaisuwar gida, ta lafiya da iyali da gajiya da sanyi, ba wanda ya gajarta. Ya ce sunansa Garba, mutumin wajen Maradi, tsohon malamin makarantar boko, kowa Mushe Garba yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a ƙasarmu da lafazin Faransanci. Yana zaune a Aubervilliers wurin 'yarsa Ramatu saboda maganin ido. A masallacin can ya ji an ce akwai wani Badamagare a Lyon mai ɗinkin littafi, shi ne ya hawo jirgi shi kaɗai.

Ganin gafaka ya sa na kwashe komai daga kan tebur, na je na wanke hannu, na yi bisimilla kafin in kwance igiyar. Ina buɗewa sai ga hoton wani yaron Nasara da gajeren wando yana riƙe da linzamin doki. Dariya ta ƙwace mini.

"Mi kake ma dariya, ɗan Damagaram?" in ji shi.

"Mushe, ai na ɗauka littafin malamai ne. Har alwala na kusa yi."

"To wanga ma ya sha karatu ba kaɗan ba. Zamna ka ji."

Ya ce kyauta aka ba shi a ƙarshen shekarar da ya zo na ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, yana ɗan yaro. Shi ne littafi na farko da ya taɓa zama nasa. Su biyar ne abokai, kowa yana son karantawa, ga shi washegari za a tashi hutun damina kowa ya koma ƙauyensu. A garinsu kuwa littafin da suka sani shi ne na malamai, wanda ba a ɗinkewa. In an taru za a yi karatu mai yawa sai a rarraba warƙoƙin, kowa ya ɗauki rabonsa, in an gama a haɗa a mayar cikin gafaka. To abin da suka ga manya suna yi shi suka yi. Suka ari askar wanzami, suka datse zaren, suka raba littafin biyar, a kan za su riƙa haɗuwa ran kasuwa suna musanya. Shi mai littafi ya ɗauki farko. Ƙarshen ya faɗa hannun wani yaro mai suna Ilu, wanda ƙauyensu ya fi na kowa nisa.

Su huɗu suka yi ta musanya har damina ta wuce. Ilu bai zo kasuwa ko sau ɗaya ba, ubansa ya tsare shi a gona. Da aka koma makaranta ma ba a gan shi ba, aka ce gidansu sun tashi sun yi arewa. Garba ya tattara kashi huɗu, ya roƙi kakansa tsohuwar gafaka ya zuba.

Labarin da ke ciki na wani yaro ne ɗan mai tsaron ƙofar ruwa, a kan irin hanyar ruwan nan da ake haƙawa don jiragen dakon kaya. Suna da dokin da ke jan jirage da igiya daga gaɓa. Da jirage masu inji suka zo sai uban ya sayar da dokin, yaron kuma ya gudu daga gida ya bi gaɓar ruwa yana nemansa gari-gari. Kashi na huɗu ya ƙare ne a daidai inda yaron ya isa bargar wani dillalin dawaki, ya ji haniniya a ciki, ya ɗora hannu a kan sakata.

"Shekara sittin da wani abu hannunsa na bisa sakatar nan," in ji Mushe Garba. "Ilu, ɓarawon banza, shi yat tahi da ƙohwar."

Ba zama ya yi ba. Ya tambaya a kantunan littattafai na Yamai, ya tambayi Turawan da suka koyar tare, ba wanda ya san shi. Littafin ba ya cikin fitattu, wani ƙaramin kamfani ne a Beljiyam ya buga shi, ya kuma rufe tun tuni. Ramatu ta samo masa wani bugu na baya a intanet, sai ya tarar an rage shi kusan rabi don yaran zamani, an sauƙaƙe jimlolin, babu dillali babu barga, wani attajiri ne kawai ya sayo dokin ya mayar. Na ce masa wannan ba baƙon abu ba ne, an yi wa littattafan zamanin da yawa irin wannan aski. Bugun farko muke nema, shi kuma sai an dace.

"To ka nema," ya ce. "Ka gyara waɗanga, amma kar ka ɗumke sai ya cika. Ka yi sauri dai, likita ya ce idon ga ba na daɗewa ba ne."

Na yi makonni a kan kashi huɗun nan. Gara ta yi musu hanyoyi, na bi kowane rami na toshe da takardar Japan. Akwai tabon man gyaɗa, akwai jar ƙasar gona a cikin ninki, akwai wurin da wani ya kashe sauro. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na matse su suka miƙe, na mayar cikin gafaka na ɗora a kan kanta ta sama. Daga nan sai nema. Na bi masu sayar da tsofaffin littattafai na bakin kogi a nan Lyon, na bar musu sunan littafin. Duk sanda aiki ya kai ni Paris sai na bi na bakin nasu kogin akwati-akwati. Kowace Lahadi ina kasuwar tsofaffin kaya ta bayan gari ina tona kwalaye, har masu kayan suka san ni suna ce mini mai doki.

Shi kuma bayan sallar Juma'a yakan bugo waya. Mutanenmu a nan sun koyi yanke gaisuwa a waya, shi bai koya ba. Sai ya tambayi lafiyata, da aiki, da sanyi, da labarin gida, ya ba ni labarin jikokinsa da ba sa jin Hausa, ya zagi shinkafar Paris, sannan can a ƙarshe ya ce, "An samu?" In ce, "Tukuna, Mushe." Ya ce, "To, Allah shi sa a dace." Haka muka yi shekaru. Tun yana cewa yana karanta manyan baƙaƙe, har ya koma cewa fuskar Ramatu ma sai ta matso. Ba zan ɓoye ba, wayar nan ita ce hirata ta mako, tun ran Laraba nake fara jiranta.

Sai shekarar annoba ta zo, aka rufe gari. A sana'ata ba a taɓa yin shekara irinta ba. Masu kawo mini aiki tsofaffi ne, su kuma cutar ta fi ɗauka. Da aka buɗe na bi lambobin waɗanda na gama wa aiki ina kira. Wani ɗa ne zai ɗauka ya ce mahaifiyar ta rasu, in yi yadda na ga dama da littafin. Wata lambar ma ba ta shiga. Har yau akwai kanta guda a shagon nan cike da littattafan da na gyara tsaf ba wanda ya zo karɓa, kuma ba na iya sayar da su.

A cikin wannan shekarar wayar Juma'a ta ɗauke. Na kira ba a ɗauka ba. Bayan wani lokaci Ramatu ta kira ni da kanta, tana Hausa tana haɗawa da Faransanci.

"Kawu, Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma Faransancin ya tahi gaba ɗaya. Ko kalma guda. Hausa kawai ta rage, ita ma a hankali."

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara Faransanci, ga shi a gidan da jikokinsa ba su da wani harshe sai shi. Ramatu tana wurin aiki tun safe. Ta ce yini yake a kujera kusa da taga ba mai ce masa ba shi ce wa kowa, ido kuma ya ƙarasa rufewa. Ta ce in an ambaci sunana yakan tambaya ko an samu. A da da idonsa muke tsere, yanzu na san da ransa ne.

Abin da shekarar ta ƙwace da hannu ɗaya shi ta miƙo da ɗayan, kuma ban ji daɗin hanyar ba. Magada suka shiga kwashe gidajen iyayensu, kasuwar Lahadi ta cika da kayan matattu. Ban taɓa ganin littattafan yara da yawa haka ba, a zube tare da tukwane da fitilu. Wata Lahadi da safe ina tona wani kwali a bayan mota sai na ɗago wani littafi ba bango, gabansa duk ya yi funfuna ya manne. Na buɗe ta tsakiya, sai ga yaron nan da gajeren wandonsa. Na san zanen kamar na san tafin hannuna. Ban yi ciniki ba.

A shago na sauko da gafaka na gwada. Lambar shafi ta bi, jimlar da ta katse a ƙasan nasa ta ci gaba a saman wannan. Bugu ɗaya ne. Ruwa ya kashe farkon littafin, amma kayen ƙarshe lafiya lau suke. Na kwance su a hankali, na goge, na matse, na sa a bayan kashi huɗun. Na kula ban karanta ba, ban ga dalilin da zan riga shi ba.

Asabar na hau jirgi zuwa Paris, na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Aubervilliers, unguwar da na baro da ciwon baya. Ramatu ta buɗe mini, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kai ni ɗakin. Ya rame, baki ya karkace, hannun dama yana kwance a cinya. Na yi sallama, ya juyo da kunne.

"Ɗan Damagaram," ya ce a hankali. "Ka zo lahiya?"

Sai da muka gama gaisuwa duka, da tsayawarsa da lalubensa, sannan na ɗora masa gafakar a cinya. Ya shafa da hannun hagu, ya kwance, ya bi kaurin takardun da babban yatsa. Bai tambaya ko an samu ba.

"Karanta," ya ce.

Na fara da Faransanci, ya girgiza kai. Dole na koma ina duba shafi ina faɗa da Hausa. Faransancina na shago ne, ban taɓa fassara komai ba, ina tuntuɓe ina komawa. Shi kuma ya sunkuyar da kai bai motsa ba.

Yaron ya zare sakata ya shiga. Ba dokinsa ba ne, wani fari ne da bai sani ba. Dillalin ya ce ai wancan mai taurin kan tuni ya tsinke igiya ya gudu, ba a san inda ya yi ba. Yaron ya juyo gida a ƙasa, takalmi ya mutu, ba doki ba labari, yana tsoron haɗuwa da ubansa. Da ya hango gidansu sai ya ga uwarsa a lambu tana ɗaga tsintsiya tana faɗa. Dokin ne a tsaye cikin lambun yana cinye mata kabeji. Tun tuni ya biyo gaɓar ruwan da ya saba bi ya komo gida. Uban ya mayar wa dillali kuɗinsa, aka bar dokin yana jan garma. Shi ke nan, sai zanen ƙarshe.

"Kabeji," in ji Mushe Garba. Kafaɗarsa ta fara rawa, na gane dariya ce. "Shekara sittin, ashe kabeji yake ci."

Muka yi dariya har Ramatu ta leƙo ta koma. Daga nan sai Mushe Garba ya jingina da kujera. Na zaci gajiya ce, na fara haɗa takardun.

"Wanda ya riƙe wanga kashi shi kaɗai," ya ce, "bai san ko yaron wane ne ba. Bai san an sai da dokin ba. Doki ne kawai cikin kabeji."

Na ce haka ne.

"Na ga Ilu sau guda. A kasuwar Maradi, ina sabon mushe, da wandona da takalmina. Shina zaune bayan tulin albasa. Ban ko gama gaisuwa ba na ce ina takarduna. Ya ce suna nan cikin adaka, bai bari komi ya taɓa su ba. Ya ce, Garba, ka zo da sauran ka kwana biyu wurina, ka karanta mini farkon, ni har yau ban san mahwarin ba. Ya kwatanta mini garin." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Na ce shi ya ɗauka, shi zai kawo. Na yi tahiyata."

"Daga baya fa, Mushe?"

"Daga baya aka ce ya rasu. Na ce ya tahi da takarduna."

 A falo jikokin suna gardama da Faransanci a kan talabijin. Ya tambaye ni ko na san sauran ukun, na ce a'a. Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da garin da aka binne kowanne. Hannunsa na hagu yana kan takardun.

Ni mai sana'a ne, tambayar da na sani ita na yi. Na ce, "To Mushe, ya cika. In ɗinke?"

Ya turo mini gafakar.

"Ɗumke shi," ya ce. "Ba sauran wanda za a raba da shi."

Na dawo Lyon da shi a jirgin yamma. Litinin da safe na ɗaura igiyoyi a katakon ɗinki, na goga wa zare kaki, na fara daga kayen farko. Takardar ta yi laushi, allura tana shiga ba gardama, kafin azahar na ƙulle zaren ƙarshe. A duk shekarun da na yi a kan teburin nan ban taɓa samun ɗinki mai sauƙinsa ba, ban kuma taɓa yin wanda na ƙi jinin gamawa kamarsa ba.